Narelle Ba Ta Bi Gawar Ubanta Ba

Port Garrick,
watan Satumba.

Zuwa ga Yayana Salvu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da Anti Lina ta ce ya hana ka hawa tudun coci, ya ƙara muku kwana masu albarka. Mu ma muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Sanyi ya fara ja da baya. Lemon tsamin da ka dasa a bayan gida kafin ka koma Malta ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa, ga shi mai tsinkar ya tafi. Ɗana Shane yana nan yana aikinsa a tashar jiragen ruwa, matarsa ta kusa sauka, sun ce in namiji ne sunan kakansa za a sa masa. Lahadin da ta wuce aka yi ranar iyaye maza a nan, ban leƙa ko ƙofar gida ba. Na gode da addu'ar da ka sa Fada ya yi wa maigidana Merv a cocin ƙauyenmu. Shi da ƙafarsa ba ta san hanyar coci ba, da ya ji da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma ni ta sanyaya mini rai.

Ranar da muka yi waya ka ce ka kalli hoton jana'izar da Shane ya tura maka. Ka ga tutar ƙungiyar 'yan dakon tasha, ka gan ni, ka ga Shane, har sabon Firimiyan jiha ka gani a gefena, amma ka duba ka sake dubawa ba ka ga Narelle ba. Ka tambaye ni ko ba ta da lafiya ne, na kauce wa tambayar. Lafiyarta ƙalau, Yaya. 'Yata ba ta bi gawar ubanta ba, kuma ba don ba ta so ba. Tana nan tafe wurinka, shi ya sa na zauna in rubuta maka komai, don ka ji daga bakina kafin ta iso.

Ka tuna jakar Merv? Baƙar jakar fatar nan mai bakin ƙarfe da yake zuba abincin rana a ciki. Kana tsaye a bayansa a layi shekarar da masu tasha suka sa masu gadi su riƙa binciken jakar kowane ɗan dako a bakin ƙofa, wai ana satar kaya. Da layi ya zo kansa ya rungume ta a ƙirji ya ce ba zai buɗe ba, wanda aka ce ya buɗe jakarsa an riga an kira shi ɓarawo, shi kuwa uwarsa ba ta haifi ɓarawo ba. Aka kore shi nan take, kuka ajiye aiki gaba ɗaya, jirage suka yi ta jira a bakin teku har masu tasha suka sauko. Kai ka tafi ka huta da labarin, mu kuwa mun sha shi duk Kirsimeti, yana juya nama a kan wuta, kwalbar giya a hannu, kowace shekara masu gadin na ƙara tsawo. Shane yakan sulale. Narelle kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take zama a kan kular ƙanƙara ta zuba masa ido, tana motsa baki tare da shi don ta haddace.

Da ta girma ta karanci lauya, ta ƙi ofisoshin birni ta dawo tana tsaya wa 'yan dakon da ƙurar asbesto ta ci wa huhu, buhunan nan da ku da kanku kuka sha ɗauka a kafaɗa. Ƙungiya ta ga amfaninta. Ka san yadda abin yake a jam'iyyarmu, kujerar Port Garrick a majalisar jiha ta ƙungiya ce. Mutanen gari ke jefa ƙuri'a, amma sunan da za su jefa wa a ofishin ƙungiya ake fitar da shi. Sakatare yanzu Glenn ne, ɗan abokinku marigayi Pascoe, yaron nan mai majina da yake cinye mini pastizzi, gashin fulawar nan namu na Malta, tun suna da zafi. Yanzu ya yi tumbi, ya yi mota, in ya shiga wuri ministoci miƙewa suke. Shi ya zo har falonmu ya shaida wa Baba Merv, kamar yadda yake kiran sa, cewa kujerar ta 'yarsa ce. Ranar da aka rantsar da ita Merv ya sa kwat, abin da bai yi ba ko ranar aurenmu, ya zauna a benen 'yan kallo yana share ido yana cewa iskar ɗakin ce.

Firimiyar da ke mulki a lokacin, Lorraine Ashby, ita ta jawo Narelle jiki. Tare suka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni kula da masu ciwon ƙura tun suna raye, maimakon a ja shari'a har mutum ya mutu. Da dokar ta wuce, matar nan ta zo gidan nan ba ɗan jarida ko ɗaya, ta zauna a kicin ɗina ta sha shayi a tsagaggen kofi, ta saurari labarin jaka daga farko har ƙarshe. Lokacin Merv ma ciwon ya kama shi, ya fara yawo da robar iska a hanci. Da ta tafi ya ce wannan ta fi mazan majalisar a haɗe. To, ba a yi nisa ba sai ga ta da maganar ba wa wani kamfani hayar rabin tasha, kamfanin da injinansa ke loda jirgi ba hannun mutum. Ita ta ce in ba a yi haka ba jiragen za su koma wani gari kowa ya rasa. Ƙungiya ta ce an sayar da ita. Ni har gobe ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, Shane yana cikin waɗanda injin zai kora, Narelle kuma tana zaune a bayan matar da ta kawo maganar. Abincin Lahadi a gidana ya koma zaman kotu.

Daga nan Glenn da sakatarorin sauran ƙungiyoyi suka haɗa kai a ɗakin baya na gidan abincin 'yan Sin ɗin nan da suka saba, suka yanke a sauke ta a ɗora mataimakinta, Warwick Doyle. Ba ka san shi ba, kuma ba ka yi asara ba. Farin haƙori da gyararren gashi, hannunsa bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alƙalami nauyi ba, amma in ya hau dandamali yana 'yan'uwana ma'aikata sai ka rantse a cikin jirgi aka haife shi. Narelle ta zo ranar Lahadi idanunta sun faɗa, ta ce wa ubanta Doyle fanko ne, ko ya hau sai an ba da hayar nan, suna kawai za a canja mata. Merv ya ce ya sani, shi ma bai ga abin so a jikin mutumin ba. Amma ya ce a ɗaki ake gardama, mutum ya yi ihu ya buga tebur, in aka ɗaga hannu aka rinjaye shi sai ya fito ya bi ko zuciyarsa na ƙuna. Haka suka yi shekara da shekaru, shi ya sa masu tasha ba su taɓa tsintar su ɗaya-ɗaya ba. Ya ce kujerar da take kai ba tata ba ce, aro 'yan dako suka ba ta. Ta yi ta juya dankali a faranti, can ta ce ta ji, za ta jefa wa Doyle. Da kunnena na ji, ina tsaye da tukunya a hannu.

Ranar da 'yan majalisar jam'iyya za su shiga ɗaki su zaɓa, tun safe muna gaban talabijin. Ka san al'adarsu, kowane ɗan takara yakan tako doguwar barandar nan zuwa ɗakin taro da mutanensa a gefe, 'yan jarida jere da kyamara, don duniya ta ga wa ke da jama'a. Doyle ya fara wucewa, mutane dam a bayansa suna dariya kamar masu zuwa biki, har da waɗanda Ashby ta naɗa minista da hannunta. Sai aka juya kyamara. Ga matar nan ta fito daga ita sai wani tsoho mai sanda, baranda fayau, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ba ta yi nisa ba sai wata ƙofa ta buɗe, na ga 'yata ta fito ta jera da ita. Daga baya ta gaya mini cewa tun da sassafe ta shiga ofishin Ashby ta faɗa mata ido da ido ba za ta jefa mata ba, matar ta ce ta fahimta, ta gaida Baba. Rakiya kawai ta yi mata, don ba za ta iya kallon wadda ta sha shayi a kicin ɗinmu tana tafiya a wulaƙance ita kaɗai ba. Amma talabijin ba ya nuna abin da aka faɗa a ofis. Na waiwaya na ga Merv ya cire robar hancinsa ya matso bakin kujera.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. A cikin ɗaki ƙuri'ar a asirce take, haka dokar jam'iyya ta ce. Amma 'yan ɓangaren ƙungiya suna da tasu dokar da ba a rubuta ba. Ana haɗa su biyu-biyu, in ka rubuta sunan wanda ka zaɓa, kafin ka je akwati sai ka ɗan karkata takardar abokinka ya gani, shi ma ya karkata maka tasa. Ba a magana, juya hannu ne kawai, kuma kowa na yi, har ministoci masu furfura. Wanda aka haɗa da Narelle wani ne da ya taɓa zama direban Glenn kafin a ba shi kujera. Ta ce ta rubuta Doyle, tana ɗaga kai ta ga mutumin ya miƙo wuya yana murmushi, har yana raɗa mata wai ta nuna wa kawu ya gani, yarinyar kirki. Ba ta san lokacin da ta ninke takardar ba. Ta ce masa ta riga ta ba da maganarta, kuma ba a binciken 'yar Merv Hanrahan a bakin ƙofa. Ta wuce ta jefa.

Doyle ya ci, ya ci da rata, ko kusa ba a yi ba. Amma da Glenn ya duba sai ya ga ƙuri'a ɗaya ta zame daga cikin mutanensa. Wani ne ya karkata takardarsa aka gani, sannan ya soke ya canja a hanyar akwati. Ba yau aka fara ba, kuma ko waye yana nan yana cin abincinsa lafiya. Amma wa zai tsaya nema, ga wadda ta yi rakiya a gaban duniya, ga ta kuma ta ƙi nunawa? Kafin la'asar sunanta ya kai tasha. Aka wayi gari an rubuta maciya amana da jan fenti a gilashin ofishinta. Matan da muka yi shekaru muna dafa wa masu yajin aiki miya tare suka riƙa tsallaka titi in sun hango ni. Ashby, baiwar Allah, ta kira Glenn ta ce yarinyar nan ba ta jefa mata ba, da bakinta ta faɗa mata. Wannan ya ƙara dagula lamarin, suka ce kun gani, har uwar ɗakinta na roƙa mata. Shane ya dawo daga aiki ya ce ba wanda ya zauna kusa da shi a wurin cin abinci.

Ta zo ranar Lahadi kamar kullum, da soyayyen kifin da ubanta ke so a nannaɗe a takarda. Ta durƙusa gaban kujerarsa ta ce masa Doyle ta jefa wa, ta rantse da kabarin kakarta. Bai kalle ta ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko ta nuna. Ta ce a'a. Ya sake tambaya kamar bai ji ba. Sai ta tashi ta ɗauko jakar nan daga kan kabad inda take tun da ya bar aiki, ta ɗora masa a cinya, ta ce ai shi ya koya mata, shi ya ce wanda aka sa ya buɗe an riga an kira shi ɓarawo. Yaya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ture jakar ta faɗi ƙasa. Da ɗan numfashin da ya rage masa ya ce shi masu tasha ya hana, mutanen da ke ganin ɗan dako dabba ne, ita kuwa 'yan'uwanta ta hana, waɗanda suka ɗauke ta suka ɗora. Ya ce da Pascoe ne ya ce ya buɗe, da ya zazzage masa ita har ƙasa. Ta ce to ita fa, 'yarsa ta cikinsa, ga ta tana gaya masa da bakinta, maganarta ba ta kai leƙen direban Glenn ba ke nan? Sai ya lalubi rimot ya ƙure muryar talabijin, ana ƙwallo. Na ce masa haba Merv, ya ji tsoron Allah, 'yarsa ce a durƙushe. Ya ce in gaya wa 'yar majalisa ta matsa, ta tare masa talabijin.

Daga ranar bai sake yi mata magana ba. Ni ya mayar 'yar aike, gaya wa 'yar majalisa kaza, tambayi 'yar majalisa kaza, ita kuwa tana tsaye a ɗakin. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce taurin kai zai kai shi kabari kafin ƙura ta kai shi. Ya ce ai da taurin kan na gan shi na aura. Sanyi ya tsananta, huhun ya ƙara rufewa, aka kwantar da shi asibiti. Narelle ta bar zaman majalisa, kullum tana gefen gado, ta jiƙa masa leɓe da auduga, ta gyara masa matashi. Da ya ji takunta sai ya rufe ido. Yana barin ta ta yi masa komai, amma ido a rufe. Wata rana da hantsi ta fita nemo mini shayi, sai ya kamo hannuna ya tambaye ni ko ni na yarda da ita. Na ce na yarda mana, ni na haife ta, yarinyar da ko biskit ta ɗauka sai ta zo ta kai ƙarar kanta. Ya daɗe yana jan iska. Sai ya ce shi ma yana so ya yarda, Allah ya sani yana so, amma me ya hana ta nunawa, juya hannu ne fa kawai. Hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Na ce ga ta nan tafe, ya faɗa mata haka da bakinsa, ko wannan ma ya ishe ta. Ƙofa ta buɗe, ya rufe ido.

Maganarsa ta ƙarshe ni da Shane ya yi wa, ya ce a tabbata tuta ta zo. Ka san abin da take a wurinsa. Shi ke riƙe sandarta ta dama a jana'izar kowane ɗan dako tun zamaninku: a ajiye aiki, a tako da gawa daga ƙofar tasha har gada, tuta a gaba, iyali a bayan akwati, maza a bayan iyali. Ya raka mutane da yawa haka, kuma tun da ciwon ya kama shi ba abin da yake zance sai tasa rakiyar. Ya cika da rana tsaka, Narelle na riƙe da ƙafarsa, don hannun ya janye shi.

Washegari Glenn ya zo gaisuwa da furanni. Ya zauna a kujerar Merv, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Ya yi ta Inna Connie, Inna Connie, yana murza hula, sannan ya fito da ita. Wai maza sun yi taro, sun ce Baba Merv nasu ne, za su rufe tasha su raka shi yadda ba a taɓa raka kowa ba, amma ba za su taka a bayan Narelle ba. In tana cikin layi tuta ba za ta fito ba. Wai shi ba ra'ayinsa ba ne, an ɗaga hannu an rinjaye shi. Na ce ya dube ni da kyau, ni na share masa majina, ni na ɗinke masa wando ranar da za a binne ubansa, yau shi ne zai zo gidana ya zaɓa mini wanda zai bi gawar mijina? Tir! Na ce ya kwashe tsummansa da furanninsa, mu uku mun isa mu kai Merv, in kuma maci amana yake nema ya duba cikin masu karkata masa takarda suna dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce mai yiwuwa haka ne, Inna, amma ita ce ba ta nuna ba.

Ashe Narelle na kicin tana ji. Ta fito hannunta da kumfar wanke-wanke, ta ce wa Glenn ya je ya gaya wa maza su fito da tuta, ba za su gan ta a layi ba. Na ce ba ta isa ba. Ta ce in yi haƙuri, abu ɗaya Baba ya nema kafin ya tafi, kuma ba ita ba ce. Shane na tsaye jikin ƙofa bai ce uffan ba. Ban ga laifinsa ba, gobe cikinsu zai koma, ga mace da tsohon ciki a gida, amma na so ko gyaran murya ya yi.

An yi masa rakiyar. Tasha ta yi tsit, aka sauke wuyan manyan injinan ɗaga kaya, jirage suka busa ƙaho. Tsofaffi sun fito da sanduna, wasu na jan tukunyar iska irin tasa. Muna shirin tashi sai ga baƙaƙen motoci. Doyle ya fito, 'yan jarida a bayansa, aka buɗa masa hanya ya zo ya tsaya a damana, daidai inda ya kamata 'yata ta tsaya. Ya kama mini hannu yana raɗa mini wai mijina gwarzo ne, mutumin da bai taɓa ganin Merv da rai ba. Na fizge, amma hoton da ka gani an ɗauke shi kafin in fizge. Da muka kusa gada na hango ta. Tana tsallaken titi bayan shingen ƙarfe, inda 'yan kallo da masu yawo da kare ke tsayawa, sanye da tsohuwar rigar ruwan ubanta, ta rungume jakar nan a ƙirji da hannu biyu. Akwatin ya wuce ta gabanta, tsakaninsu faɗin titi. Mazan da ke bayana, waɗanda ta tsaya wa a kotu, waɗanda dokarta ta samo musu iskar da suke ja, kowa ya kafa ido a ƙeyar na gabansa. Ƙafata ta tsaya cak. Ta girgiza mini kai daga can, ta yi mini alama da haɓa in ci gaba. Na ci gaba, Yaya. Na bi mijina na bar 'yata a bakin titi, kuma abin na cin raina.

Sai da kowa ya watse zuwa mashaya ta je maƙabarta ita kaɗai, ban tambaye ta abin da ta ce masa ba. Ko ƙasar kabarin ba ta kwanta ba Doyle ya fito a talabijin yana cewa an kafa kwamiti ya sake duba maganar hayar tasha, da wani sabon suna mai daɗin ji. Glenn ya ce ana tattaunawa. Kujerar kuwa an riga an yi wa wani alkawarinta, ita kuma ta ce ba za ta ja ba, za ta ƙarasa wa'adinta ta ajiye. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta. Ni na matsa mata ta zo wurinka in majalisa ta tafi hutu, ta ci abincin Anti Lina, ta zauna inda ba mai tsallaka titi don ya gan ta. Za ta kira ka ta faɗa maka ranar saukarta.

Ga roƙona. Na san ka, kai ma ɗan ƙungiya ne har ƙashi ko da ka tsallaka duniya, kuma na san tun tsakiyar takardar nan tambayar Merv ke yawo a bakinka. Don Allah ka haɗiye ta. Kada ka tambaye ta wa ta jefa wa, kada ka ce me ya hana ta nunawa. An tambaye ta ya isa.

Ka gaida mini Anti Lina, da Pawlu da matarsa da yara, da Gwaggo Guza in har yanzu tana gane mutane, ka kuma yi wa Fada godiya. Shane da matarsa suna gaishe ku. Allah ya bar mu tare, ya sa mu sake ganin juna.

Za ka gan ta da jakar, ba ta rabuwa da ita, ta ce da ita za ta shiga jirgi. A filin jirgi za su sa ta buɗe, wannan ba yadda za ta yi. Kai dai in ta iso ƙofarka, ka karɓe ta da ita a rufe.

Ƙanwarka,
Connie